Balbelun Narayi Da Itacen Da Suka Zaɓa

Wani dattijon ikkilisiya da ke zaune a Narayi, wanda ya daɗe yana karanta wannan jarida, ya aiko mana da wasiƙa. Ya ce gardama ta tashi a gidansa a kan wani itace, yana so mu zo mu gani da idonmu. Da fari mun yi tsammani maganar iyakar fili ce, gama ita ce ta fi haɗa maƙwabta faɗa a birni. Da muka karanta har ƙarshe sai muka ga ashe maganar tsuntsaye ce. Saboda haka ran wata Asabar cikin watan Yuli muka shirya, muka kama hanya.

Hanyar Narayi

Wanda ya fito daga tsakiyar Kaduna zai bi ta wajen filin wasa na Ahmadu Bello, ya haye gadar kogi, ya wuce kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, sa'an nan ya ratsa Barnawa. Narayi tana gaba kaɗan, cikin Ƙaramar Hukumar Chikun. A kan gada muka ga kogin Kaduna ya cika, ruwan ya yi ja saboda laka. Daga tuddan Jos ya taso, yana tafiya har ya zuba cikin Kwara. Waɗansu sun ce sunan garin ya fito daga kadduna, wato jam'in kada, Gbagyi kuwa suna cewa daga kalmarsu ce ta kogi.

Gbagyi ne mutanen wannan ƙasa tun kafin Turawa su mai da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917. Dattawa sun ce a da Narayi ƙauye ne da gonakin doya da dawa kewaye da shi. Aikin masaƙa ya jawo mutane kudancin kogi tun daga 1957, lokacin da aka buɗe masaƙa ta fari a Kakuri. Matatar mai ta biyo baya a 1980. Sa'an nan rikicin 2000 da na 2002 suka raba mazaunan birnin, Kirista da yawa suka ƙaura zuwa kudu, Musulmi da yawa kuma suka koma arewa. Yanzu gida yana manne da gida, daga Narayi har Bayan Dutse da Sabon Tasha. Sunayen Unguwar Rimi da Doka suna tuna mana cewa birnin nan cikin itatuwa aka kafa shi, amma a yawancin layukan da muka bi sai mutum ya yi tafiya mai nisa kafin ya sami inuwa.

Ba mu sha wahalar neman gidan ba. Mai keken da ya ɗauko mu ya ce, “Gidan balbela kuke nufi? Ai kowa ya san shi.” Tun daga bakin layi muka hango wani babban maɗaci, kansa fari fat sai ka ce an shanya masa tufafi. Kafin mu kai ƙofa kunnenmu ya cika da kuka, hancinmu kuma ya gaya mana abin da ya kawo gardamar.

Gardamar Gidan

Bayan an yi gaisuwa, an kawo ruwa, an yi addu'a, sai maigidan ya ba mu labari. Ya zo Kaduna yana saurayi, ya yi aikin masaƙa har aka rufe ta. Da ya sayi filin, kafin ya sa tubali ko ɗaya, ya dasa maɗacin nan a kusurwar yamma. A rikicin 2000 danginsa da waɗansu da bai ma san su ba suka gudo gidansa, ɗakuna suka kasa, mazaje suka yi kwanaki suna kwana a gindin itacen. Balbelu kuwa ba su daɗe da zuwa ba. Da suna sheƙa a waɗansu itatuwa a bakin rafi. Da aka sare su aka yi gini, damina ta zagayo, sai ga su a gidansa.

Uwargida ta karɓe maganar. Ta ce, “Maigida, ka faɗa musu duka. Ka faɗa musu ba na iya shanya a tsakar gida. Ka faɗa musu rijiyarmu tana ƙarƙashin reshe. Jikokina kuma kullum suna tsintar matattun 'yan tsaki.” Babban ɗansu, wanda yake sana'ar walda, ya ce, “Baba, ni ba na ƙin tsuntsu. Amma inda itacen nan yake za a sami shago biyu. Kuɗin hayar zai biya wa yara makaranta.” Maƙwabta ma sun sa baki. Wani ya ce balbela alamar arziki ce, wanda ya kore ta ya kori sa'arsa. Wata kuma ta ce taron tsuntsaye a gida ba banza ba, akwai hannun wani a ciki.

Muka ga kowa a gidan yana da gaskiyarsa. Muka roƙi a ba mu kujeru a waje, nesa kaɗan da inda kashi yake zuba, domin mu duba baƙin nan da kyau kafin mu ce wani abu.

Abin Da Muka Gani A Sama

Muka fara ƙirga sheƙuna, muka wuce 50, lissafi ya ɓace mana. Sheƙar balbela ba ta da kyan gani. Tsinkaye ne da ƙirare aka jera kamar faifai a inda reshe ya rabu biyu ko uku. Namiji ne yake fara zaɓen wuri, ya tsaya a kai yana tada gashinsa har ya sami mata. Daga nan shi yake kawo ƙirare, ita kuma tana ginawa. Mun ga wani ya faki idon maƙwabcinsa ya zare masa tsinke daga sheƙa, yara suka yi ta dariya. A lokacin nan na haihuwa gashin kai da na ƙirji da na baya yakan yi launin ƙasa-ƙasa, in lokacin ya wuce sai su koma farare sol.

Balbela takan yi ƙwai 2 zuwa 4, masu launin shuɗi-shuɗi. Uwa da uba suna kwanci bi da bi har wajen kwana 23. 'Ya'yan ba sa ƙyanƙyashewa rana ɗaya, saboda haka na fari yakan fi ƙarfi, in abinci ya yi kaɗan autan ne yake shan wahala. Bayan mako 2 sukan fara fita suna dafe rassa, a nan ne waɗansu suke faɗowa. Bayan wata guda sukan tashi sama, da mako 6 ko 7 kuwa sun iya ciyar da kansu.

Can ƙololuwa muka ga waɗansu manyan sheƙuna guda uku. Wani dogon tsuntsu mai launin toka da baƙin kai ya sauko a kan ɗaya, ya naɗe fikafikansa a hankali. Zalɓe ke nan. Akwai zalɓe mai farin kai wanda yawancinsu baƙi ne daga Turai, da rani muke ganinsu a bakin kogi. Mai baƙin kan nan kuwa ɗan ƙasa ne, yana farautar ɓeraye da ƙadangaru da kwaɗi a cikin ciyawa, yana kuma sheƙa da damina, sau da yawa a tsakiyar gari tare da balbelu.

Yadda Suke Zaɓe

Jikan gidan, ɗan shekara kamar 10, ya tambaye mu, “Malam, me ya sa suka bar mangwaron maƙwabcinmu suka zo namu?” Tambaya ce mai kyau. Masanan tsuntsaye sun lura da abubuwa da dama, mu ma mun gan su a itacen nan.

Na fari, tsayi da ƙarfi. Abokan gaban ƙwai da 'yan tsaki suna da yawa: maciji, da guza, da muzuru, da yara masu danƙo. Maɗaci yana da doguwar jiki marar rassa daga ƙasa, hawansa da wuya. Inda babu dogon itace, balbela takan nemi mai ƙaya kamar bagaruwa, ko kuwa wanda ambaliya ta kewaye gindinsa da ruwa, kamar yadda ake gani a fadamun Haɗeja da Nguru.

Na biyu, hanyar sauka. Fikafikan zalɓe in ya buɗe su sun kai mita ɗaya da rabi. Ba zai iya kutsawa cikin duhun ganye irin na mangwaro ba, dole ya sami buɗaɗɗen wuri a sama. Don haka manya suke bisa, ƙanana suke ƙasa da su. Waɗanda suka riga zuwa kuma su ne suke kama tsakiya, inda ya fi tsaro, na baya su tsaya a gefe inda iska da hankaka suka fi yin ɓarna.

Na uku, abinci. Hausawa suna yi mata kirari da “balbela ci da motsin wani,” domin tana bin shanu tana cafke fara da ƙwarin da ƙafafunsu suka tayar. Tana bin garma da masu noma ma. Iyayen da suke ciyar da 'ya'ya suna kai da kawowa dukan yini, saboda haka suna so itacen ya kasance kusa da fadama da makiyaya. Narayi ba ta da nisa da kogi da rafuffukan da ke zuba cikinsa. Abin da ya sa suke haihuwa da damina ke nan, lokacin da fara da kwaɗi suka yawaita.

Na huɗu, jama'a. Ba sa son zaman kaɗaici. Inda idanu suke da yawa, shirwa ba ta zuwa a ɓoye. Da ɗaya ta yi kuka sai duka su tashi.

Na biyar, mutum. Wannan ya ba maigidan mamaki. Namun jeji suna tsoron gari, saboda haka itacen da ke cikin gidan da ba a jifa ya fi na daji kwanciyar rai. Tsuntsun da ya yi nasarar fitar da 'ya'ya a wuri yakan komo baɗi. In an dame shi tun yana kan ƙwai, sai ya watsar ya tafi. Muka ce wa dattijon, “Baba, ba sa'a ba ce, ba kuwa sammu ba ne. Sun gwada gidanka sun ga ba ka cutar su ba.”

Shamuwa Da Ungulu

Da hira ta yi nisa, dattijon ya tuna da shamuwa, wadda ta fi yin sheƙa daga wajen Zariya zuwa arewa, har Katsina da Maraɗi. Takan iso cikin Afrilu ko Mayu, manomi ya gan ta ya fara gyaran fartanya. Ita ma cikin gari take so, a kan kuka ko gawo ko tsamiya, wani lokaci har a kan rufin ɗaki. Mutane ba sa taɓa ta, ita kuwa tana cinye musu fara da tsutsa a gona. In damina ta ƙare sai ta ƙetare zuwa gabashi da kudancin Afirka, inda ruwa yake farawa a lokacin. Masu bincike sun ɗaura wa waɗansu 'yan na'urori a Jamhuriyar Nijar, suka bi sawunsu har Tanzaniya. Duk da nisan nan, garin da ya karɓe ta yakan sāke ganin shamuwa kowace shekara.

Labarin ungulu kuwa na baƙin ciki ne. Kowa ya san karin maganar nan ta ungulu da gidanta na tsamiya. Ita da rani take sheƙa, a can cikin manyan itatuwa kamar rimi da maɗaci da giginya, ƙwai ɗaya tak take yi, ta kwanta a kansa kusan mako 7. Dattijon ya ce a da ba a iya ƙirga su a mahauta da kasuwannin Kaduna. Muka tambayi jikokinsa, ba wanda ya taɓa ganinta. Guba, da masu sayen kanta da gashinta domin tsafi da magani, da saran manyan itatuwa, su suka ƙarar da ita. A 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittu ta sa ta cikin jerin waɗanda suke bakin ƙarewa. Ungulu ita ce mai share mana mushe kyauta. Ta rasa tsamiyar da za ta koma, mu kuma mun rasa mai shara.

Balbela ba ta cikin wannan hatsari. Ta ma ƙetare Tekun Atlantika da fikafikanta, aka gan ta a Suriname a 1877, ta kuma fara sheƙa a Florida ta ƙasar Amurka a 1953. Amma yawanta bai sa ran 'yan tsakin da ke kan maɗacin nan ya zama banza ba.

Abin Da Littafi Mai Tsarki Ya Koya

Da yamma muka buɗe Littafi tare da iyalin. A Zabura 104 mai zabura yana lissafta ayyukan Ubangiji, ya ambaci itatuwan da Allah ya dasa da tsuntsayen da suke sheƙa a ciki, har da shamuwa. Annabi Irmiya, a sura 8, ya tsauta wa mutanensa da misalin shamuwa wadda ta san lokacinta, su kuwa ba su san shari'ar Ubangiji ba. Shamuwar da ya sani ita ce babbar farar nan da take ratsa ƙasar Isra'ila sau biyu a shekara. A Maimaitawar Shari'a sura 22 kuma akwai doka a kan wanda ya tarar da sheƙa a hanya, an hana shi ya kama uwa tare da 'ya'yanta. Allah wanda ya ba da manyan dokoki bai ga wannan ta yi ƙanƙanta ba.

Dattijon ya yi shiru, sa'an nan ya ce, “'Ya'yana, mu ma ai haka muka zo Narayi. Mun nemi inda 'yan'uwa suke da yawa, inda za mu kwana ba tsoro, inda za mu sami abinci. Waɗanda muka tarar ba su kore mu ba.” Ya ƙara da cewa abokan aikinsa Musulmi da suka bar gidajensu a kudu suka koma ƙetaren kogi, su ma abin da suka nema ke nan. Ba wanda ya amsa. Uwargida ta share ido da bakin zanenta.

Amma Littafi bai ce mutum ya bar iyalinsa cikin ƙazanta ba. Allah ya ba Adamu gonar domin ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Lafiyar jikoki da kuɗin makarantarsu hakki ne a wuyan maigida. Saboda haka muka zauna muka duba abin da za a iya yi.

Shawarar Da Aka Yanke

Ga abin da iyalin suka shirya, mun kuwa rubuta shi domin mai karatu wanda yake da irin wannan damuwa.

Ba za a taɓa itacen ba sai 'ya'yan sun tashi. Wanda ya sare itace da sheƙuna a kai yakan cika gidansa da matattun 'yan tsaki, wari ya fi na da. Ɗan maigida zai ƙera wa rijiya murfin ƙarfe tun cikin makon nan, aikin hannunsa ne. Za a mai da igiyar shanya da murhu zuwa gabashin gida. Za a riƙa share kashin kowace safiya bayan an yayyafa ruwa domin kada ƙura ta tashi, a tara shi a rami da ciyawa. In ya ruɓe taki ne mai kyau, amma ɗanyensa yana ƙone shuka, yakan ma kashe rassan itacen in ya yi yawa. An hana yara taɓa mataccen tsuntsu, babba ne zai ɗauke da shebur ya binne, ya wanke hannu da sabulu. Za a kuma kulle kaji nesa da gindin itacen. Mutanen Kaduna ba su manta ba cewa a Jaji aka fara tabbatar da murar tsuntsaye mai tsanani irin H5N1 a Afirka cikin Fabrairu 2006. In aka ga tsuntsaye suna mutuwa da yawa, a kai labari ga likitan dabbobi.

In kaka ta yi, za a datse rassan da suka rufe rijiya da rufin ɗaki. Maganar shago kuwa, da aka auna sai aka ga ɗaya zai shiga ba tare da an taɓa gindin ba. Ɗan bai ji daɗi sosai ba, gama biyu ya so, amma ya ce, “To, Baba, na ji.” Uwargida ta ce za ta gwada damina ɗaya, in abin bai gyaru ba za ta sāke tada maganar. Muka ce daidai ne.

Dattijon ya yi alkawari kuma zai kai magana gaban dattawan ikkilisiya, a dasa maɗaci da tsamiya da ɗorawa a bayan filin majami'a, nesa da gidaje. Ya san ba zai ga girmansu ba. Ya ce shi ma inuwar da ya sha yana yaro wani ne ya dasa.

Komawa

Rana tana gab da faɗuwa sai balbelu suka fara komowa daga wajen kogi, layi bayan layi, farare a kan baƙin hadari. Kowace ta nufi reshenta ba kuskure, 'ya'ya suka ɗaga baki suna kuka. Muka tsaya muna kallo har aka fara yayyafi. Maigidan ya raka mu bakin layi, uwargida kuma ta cusa mana ɗanyar masara a jaka.

Ya mai karatu, akwai babban itace a gidanku ko a filin majami'arku? Kafin a kira mai injin sara, a ɗaga kai a duba ko akwai mai zama a sama. In dole ne a sare, a jira lokacin da ya dace, a kuma dasa wani a madadinsa. Iyaye, ku nuna wa yara tsuntsayen nan, ku gaya musu sunayensu da Hausa da harshenku na gida, domin kada su ɓace daga bakinsu kamar yadda ungulu ta ɓace daga idonsu. Ubangijinmu Yesu ya ce mu dubi tsuntsaye mu koyi dogara ga Ubanmu na sama. Bari ya ba mutanen Narayi, da na dukan Kaduna, kudu da arewa, wurin kwana cikin salama. Amin.